Gidan Maƙera na Uku

Ruwan dam ya ci garinmu shekara bakwai ko takwas bayan farin nan da dawa ta bushe a tsaye, wanda ya zo tare da canjin kuɗi. Lokacin da ciwo ya karkata mini baki kuwa, an riga an yanke Rogo daga Karaye, ta samu nata ciyaman. Da damina ne, a shekarar da man fetur ya yi wuya har masu babur suka koma keke. Malam, maigidana, ya rasu da kakar da ta biyo. Abin da zan faɗa tsakanin ciwon nan da rasuwar nan ya ƙullu, sai dai ni ban sani ba sai da na kusa fita takaba.

Garinmu gida saba'in da huɗu ne. Da ruwa ya zo aka tashe mu, kowa ya bi inda yake da dangi ko gona: wasu Karaye, wasu Yola tamu ta nan, wasu Kafin Dafga, wasu Rogo. Abu ɗaya ya rage da ke nuna mu 'yan gari ɗaya ne, shi ne kiran gidaje. In an haihu, ko za a ɗaura aure, ko an yi rashi, sai a zo wurina. In zauna, in rufe ido, in tashi daga bakin rijiyar gabas, in bi lungu-lungu da bakina, ina kiran kowane gida da garin da ya koma, har in ɓulle ta gindin rimin hanyar rafi. Maza na soro suna ji, suna raba goro ko aike, masu babur su watse. Ka'idarmu kuwa mai tauri ce: wanda aike bai same shi a gida ba, ko ya ji a kasuwa, bai ji ba. Tun muna tsohon gari haka take, amma bayan ruwa ta ƙara tauri, don tsallake gidan mutum ya zama kamar an ce masa kai ba namu ba ne yanzu.

Ban yi boko ba, allo ma iyakacin abin sallah na tsaya. Amma shekara talatin ina kiran nan, tun da na karɓe shi daga gwaggona, ban taɓa tsallake gida ba. A je a tambaya. Kowace safiya bayan na idar da sallah sai na bi garin nan kaf a cikin kaina kafin in sa ƙafa a tsakar gida.

Gidajen maƙera uku ne a cikin kiran, kuma dukansu abu ɗaya ake ce musu, gidan maƙera. Inda ya faɗo a tafiyar shi ke nuna wanne ne. Na farko yana kusa da rijiya, su suka koma Kafin Dafga. Na biyu yana bayan masallaci, na uku shi ne na ƙarshen gari daf da rimi, kuma su biyun duk Rogo suka koma, kowa da unguwarsa, ba sa ko ga maciji saboda wata tsohuwar rigimar gado. Saboda haka sau biyu nake cewa gidan maƙera, Rogo. A gida na ukun ne ƙawata take aure. Rana ɗaya aka kawo mu garin muna amare, ita ta karɓi haihuwata ta fari, ni na wanke mijinta da hawaye ranar da ya rasu. Ba ma yi wa juna sallama. Sai dai ta ɗaga labule ta ce, "Ke, kina raye?"

Autana shi ne ɗan boko. Yana shekara goma sha ɗaya aka kai shi makarantar kwana, daga nan jami'a, daga nan ya zauna Kano yana koyar da lissafi. Da ya ji na kwanta, hutu kuma ya zo, sai ga shi a bas da kwalaye uku. Na zaci magani ne. Ashe kwamfuta ce. Ya kafa ta a ɗakin soro kan teburin Malam, ya lulluɓe ta da zanena na zuwa biki don kada ta yi datti. Wuta takan zo mana da hantsi wasu ranakun, tana zuwa sai ka ji ya ture kwanon koko ya ruga.

Da na fara iya dogara sanda na je na tsaya a kansa, na tambaye shi me yake ƙerawa, kuma wa zai saya. Ya yi dariya ya ce ba na sayarwa ba ne. Yanzu na ji ana cewa manhaja, shi a lokacin furogiram yake cewa. Ya ce ita na'urar nan ba ta san komai ba sai an rubuta mata umarni layi-layi, abin da yake aiki a kai kuwa shi ne wurin da ake rubuta umarnin, a gyara, a gwada, duk a zama ɗaya. Ya ce in ɗauka maƙera ce: ba ita ce garma ba, amma a cikinta zuga-zugi da masaba da awartaki suke, a nan ake ƙera garmar. Wai mutane ne a ƙasashe daban-daban suke gina ta, ba su taɓa ganin juna ba, ba mai biyan su, kuma cikinta a buɗe yake, kowa na iya sa hannu ya ƙara nasa, muddin ya bar wa na baya a buɗe.

Na ce masa ai gayya ke nan. Ya ji daɗi, ya ce na fi malamansa fahimta. Na ce to amma gayya tana da mai gona, wanda ke dama fura, wanda za a kama in an nome wa maƙwabci shuka. Wannan wa ke da ita? Ya ce ba kowa, ta kowa ce. Tun ranar abin bai kwanta mini ba.

Manhajar iri biyu ce, in ji shi. Akwai wadda ta nuna, ta kwanta, ita masu hankali ke aiki da ita. Akwai kuma ta gwaji, ɗanya, wadda ake zuba mata sababbin abubuwa kowane mako a ga abin da zai fashe. Shi ɗanyar yake so, don a cikinta nasa hannun yake. Duk Juma'a sai ya bi bas ya tafi Kano wani shago mai layin waya, ya aika nasa, ya kwaso na mutane a wasu ƙananan faya-fayai baƙaƙe, ya dawo yana murna kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Malam ne ya kawo maganar a rubuta kiran. Ya ga yadda harshena ya yi nauyi, in na ce rijiya sai ta fito wani abu. Na ƙi. Na ce abin da gwaggona ta zuba mini baki da baki ba zan zuba wa ƙarfe ba. Amma akwai wata safiya da na tashi zan bi garin a kaina, na zo bayan masallaci na tsaya cik, kamar an ɗauke lungun. Ya dawo mini kafin in gama shafa addu'a, amma na tsorata. Da hantsi na ce wa autan ya buɗe abinsa.

Safiya biyar muka yi. Ina kira a hankali, yana dannawa, fararen baƙaƙe suna fitowa a kan shuɗin gilashi, kowane gida da layinsa. Ya karanto mini, na gyara masa wuri biyu, ya sake karantowa, ya fito daidai, saba'in da huɗu. Na tambaye shi a ina zai zauna. Ya ce a ciki, inda gara ba ta ci, ruwa ba ya jiƙawa. Ya ce, "Inna, ki huta. Kin sauke."

Na kuwa sauke. Wannan laifin nawa ne, ba na ɗora wa kowa. Safiyar da ta biyo ban bi garin ba, na ji kaina sakayau, na ji daɗi. Na ƙara wata safiyar, na ƙara wata. Haka har damina ta ɗauke.

Abin da ya faru a ɗakin soron nan a tsakanin, sai daga baya na tatso shi daga bakinsa. Shi nasa ƙarin da ya ƙera wani mai shara ne: ka ba shi dogon jeri, ya tsara shi bisa tsarin na'ura, duk layin da ya zo sau biyu ya zubar da ɗaya, don wai a wurin umarni maimaici ɓarna ne. Da ya gama yana neman dogon jerin da zai gwada a kai, sai ga nawa a kusa. Niyyarsa ya gwada, ya gani, ya danna abin komawa baya, komai ya dawo yadda yake. To ashe ta gwajin makon nan ta zo da ƙarin wani mutum daga can wata ƙasar sanyi, wani mai adanawa da ke sa duk abin da ka taɓa ya zauna nan take, ba ta tambayarka. Ƙarin mutumin nan kuma ya karya abin komawa bayan. Kafin ƙiftawar ido garinmu ya hargitse, gidan liman ya koma kusa da gidan mahauta, rugar Fulanin yamma ta shigo tsakiyar gari. Bai ajiye wani a gefe ba, bai buga a takarda ba.

Ɗaki biyu ne tsakaninmu. Da ya taso ya ce Inna sake kira, da na sake, ko da kwana goma zan yi. Kunya ta hana shi. Ya zauna ya mayar da gidajen da kansa, da abin da ya tuna na garin da ya bari yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Ya ga gidan maƙera, Rogo, yana nan, hankalinsa ya kwanta. Ya kai Kano ya buga a takarda, ya ninke ya sa a littafi.

Malam ya rasu ana yankan dawa, da safe, bayan jinyar kwana shida. Aka zo a yi kira. Na buɗe baki, ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Sai autan ya ɗauko takardarsa ya tsaya a soro ya karanta. Ina jin sa ta bango. Na ji tafiyar tana ɗingishi, na ji ya shiga lungun marina ta inda ba ƙofa, amma na ce kaina ne, ciwo ne da baƙin ciki suka haɗu. Wanda aka ba aiken Rogo mijin 'yata ne, mai babur, mutumin Karaye, bai taɓa ganin garinmu ba. Ya je ya tambayi gidan maƙeran da ruwa ya tasa, aka nuna masa na biyun, ya isar, ya dawo. Su kuwa na biyun ba su ga dalilin taka ƙafa su sanar da abokan rigimarsu ba.

Ranar farko ban ga ƙawata ba, na ce nisa ne da wahalar mai. Ranar uku aka raba gumba, babu ita. Ranar bakwai mata suka cika tsakar gida, ina zaune a kan tabarma ina kallon labule, duk wadda ta ɗaga shi sai in zaci ita ce. Har arba'in. Ni kuma ba mace ba ce mai aikawa a tambayo dalili. Na ce matar da na yi wa zaman makoki kwana bakwai a ɗakinta, ina kwana a ƙasa, yau Rogo ta yi mata daɗi har ta manta hanya. Na faɗi wannan, na faɗi abin da ya fi wannan, a gaban matan da na san ranar kasuwa za su kai. Suka kuwa kai, ba su zubar da ko ɗigo ba.

Saura kwana goma sha biyu in fita takaba autan ya zo daga Kano da fara'a har kunne. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya kasa haƙuri, ya ce an sa sunansa a jerin waɗanda ake gode wa, duk wanda ya buɗe abin a ko'ina cikin duniya zai gani. Wai shi ya gano wata babbar ɓaraka, ya rubuta musu, suka yi ta yaba masa. Na yi masa barka. Na tambaye shi ɓarakar mece ce, ya yi mini bayanin mai shara da mai adanawa da abin komawa baya, yana nuni da hannu. Sai na ce da me ya gwada har ya gano. Ya dubi tabarma.

Na sa aka kawo mini gyaɗa a faifai. Na ce ya ɗauko takardar ya karanta, kowane gida in ture ƙwaya ɗaya gefe. Ya karanta. Na ƙirga, saba'in da uku. Ban sake ƙirgawa ba. Tun yana tsakiya na ji ya wuce bayan masallaci, na jira shi a gindin rimi, bai zo ba.

"An gyara, Inna," in ji shi. "Kwana huɗu kawai suka yi suka gyara."

"Me aka gyara?"

"Ba zai ƙara yi wa kowa haka ba."

"Ni fa?"

Na tambaye shi su masu gayyar, ba su gargaɗi mutane ba ne? Ya ce sun gargaɗa. Ya ce duk lokacin da ka buɗe ta gwajin, abin da ke fara fitowa shi ne: wannan ta gwaji ce, kada ka sa abin da ba za ka iya rasawa ba. Kullum yana ganin sa, har ya daina gani. Wato ranar da nake zaune kusa da shi da karkataccen baki ina zuba masa garinmu, rubutun nan ya fito a gaban idona, ni ban iya karantawa ba, shi da ya iya ya danna ya wuce. Na ce to mutumin ƙasar sanyin fa, ya san abin da ƙarinsa ya yi? Ya ce ya rubuto ya ba da haƙuri, layi ɗaya, kuma shi ma kyauta yake yi. Kowa a cikinsu mutumin kirki ne, kowa kyauta yake yi, kowa ya ba da haƙuri. Na rasa wanda zan riƙe wa riga, sai ɗan da na haifa, shi kuwa yana durƙushe yana share ido da hularsa.

Ranar da na fita takaba ban jira an gama cin waina ba, na hau bayan babur na tafi Rogo. Na ɗaga labule, na ga tana zaune tana tsince wake, ta rame. Ta ɗago ta dube ni ta ce in yi sallama. Na koma baya na yi sallama. Ta amsa cikakkiya. Ta sa surukarta ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ta baƙi, can nesa da gadon da muka saba zama a bakinsa, aka kawo ruwa a kwanon da ake ajiyewa cikin kabad. Ta gaishe ni: ina gajiya, ina hanya, yaya jiki, yaya yara, yaya haƙuri, Allah ya jiƙan Malam, Allah ya sa can ta fi nan. Ba ta bar ko ɗaya ba. Wata huɗu da kwana goma ta tara gaisuwar nan, ta sauke mini ita tsaf kamar ga matar da ta gani yau a mota.

Na yi ƙoƙarin bayani. Ni da ake taruwa a ji bakina, na rasa ta inda zan kama. Na ce harshe ne, na ce takarda ce, na ce akwai wani abu a cikin na'ura da ba ya son a faɗi abu sau biyu. Ina faɗa ina jin yadda yake fita kamar ƙaryar yara. Ta bar ni na gama, tana ta tsintar wakenta.

"Shekara talatin da bakinki kike kirana," in ji ta. "Ranar da ta fi kowace rana sai kika ba inji."

Na ce ban san an tsallake ba.

"Ni ma ban san ba ki sani ba. Kwana bakwai mayafina yana rataye a ƙofar nan, ina jiran babur." Ta ture faifan waken gefe. "Da kin yi shiru ma, da na zo da arba'in, aike ko ba aike. Sai aka kawo mini abin da kika ce."

Wannan ba na'ura ce ta faɗa ba, kuma ba ni da wanda zan ce ya danna. Na roƙi gafara, ta ce Allah ya yafe mana duka. Da na tashi ta raka ni zuwa bakin ƙofar ɗaki, nan ta tsaya. Da can sai ta kai ni har tasha, mu tsaya muna hira mota ta cika ta tafi ta bar ni.

Na koma bin garin da safe, amma bai dawo daidai ba. Karatun autan na soro ya shiga cikin nawa, in na zo lungun marina sai in rasa wanne ne na gwaggona, wanne ne nasa. Labari kuma ya zaga cewa an tsallake gida daga gidanmu. An yi suna biyu da aure ɗaya a shekarar, ɗaya kawai aka zo wurina, shi ma sai da suka zaunar da wani tsoho a soro yana bi na da yatsa.

Ƙawata ta rasu da daminar da ta zagayo. 'Ya'yanta suka dawo daga Kudu, ba su nemi a yi kira ba, kowa ya aika wa wanda ya tuna. Tun daga ranar ba a sake kiran gidajen garinmu ba. Ni a bakin mai tallan daddawa na ji, kwana biyu da binnewa. Bisa ka'idar da na tsare shekara talatin, ban ji ba. Na ɗauki mayafina na tafi. Na zauna cikin mata a can baya, kusa da randa, ba wanda ya kore ni, ba wanda ya matsa mini wuri.

Cikin waɗanda suka san garin nan da ƙafarsu suna manya, ba mu da yawa yanzu. Akwai amaryar liman a Yola, ta makance, amma hankalinta garau. Akwai wata Bafillatana daga rugar yamma a Kafin Dafga, har yanzu ita ke dama furarta. Akwai tsoho ɗaya daga gidan maƙera na biyu, ba ya ji sai an yi masa ihu. Mijin 'yata yana nan Karaye, ya sayar da babur ɗin tuni. Autana yana Kano, gemu ya yi fari, an ce har yau yana sa hannu a gayyarsu. Yana zuwa duk Sallah da atamfa da sukari. Muna gaisawa.